Mutumin da Ya Iya Karanta Ruwan Gombe

Assalamu alaikum.

Ranar uku ga watan Mayu na 2017 aka karɓe makullin ɗakin kwamfuta daga hannun marigayi Malam Aji Abba Gana, aka mayar da shi sashen kula da motocin ofis. Tun daga ranar nake haɗiye wannan magana, yau kuwa ba zan koma gida da ita ba.

Amma bari in yi gaisuwa, kada a ce tsufa ya cinye mini ladabi. Mai Unguwa, ranka ya daɗe. Liman, Allah gafarta Malam. Wakilin Daraktan ofishinmu, wanda aka turo saboda Darakta yana Abuja kamar kullum, sannu da zuwa. Hajiya Kaltum, maiɗakin marigayi, da 'ya'yansa Gaji da Halima Sadiya, da dangin da suka taso daga Maiduguri, da maƙwabtanmu na Federal Low-Cost, ina mana ta'aziyya. Ni ne Ja'afaru, abokin aikinsa, wanda ya riga shi ajiye aiki.

Mu mutanen Gombe mun san kwari. Duk damina sai ya ci gidan wani. Shi ya sa aka kafa na'urori a bakin kwaruruka, daga Bolari har Kwadon, suna auna ruwan sama da ƙarfin ambaliya. Da wannan awon ake sanin inda ƙasa za ta zabtare kafin ta zabtare. To, na'urorin nan ba boko suke rubutawa ba. Lambobi suke jerawa tsirara, sifili da ɗaya, irin rubutun da na'ura ke yi wa 'yar'uwarta. Da shekaru suka taru, fayilolin suka fi ƙarfin kwamfutar ofis. Sai mu fara buɗe fayil da hantsi, kafin a kai rabi an ɗauke wuta, mu koma farko.

Aji ya kasance mai haƙuri da abin da ya gagari mutane. Wata rana ya tarar ina zagin kwamfutar, sai ya ce, "Kai Bafillace, ko furar gidanku ai da ludayi ake sha. Wa ya ce ka ɗaga ƙwaryar gaba ɗaya?" Na ce, "Babarbare, in ka iya, ga fili ga mai doki." Ya zauna ya rubuta manhajar da ke ɗibar fayil kaɗan-kaɗan, tana riƙe inda ta tsaya, in wuta ta dawo ta ci gaba daga nan. Ya kuma lura kowane awo tsawonsa ɗaya da na kusa da shi, kamar buhunan da aka jera a kasuwar Tudun Hatsi. Mai neman buhu na ɗari ba ya zazzage na farko. Lissafi yake yi ya miƙa hannu. Aikin yini guda ya koma na shan shayi.

Ya kasance mai amfanin jama'a. Mama Jummy tana zaune can baya, ku tambaye ta. Shi ya je har gidanta a Bolari ya ce ta kwashe jikokinta kafin Agusta. Ta ce masa, "Malam, kai boka ne?" Ya ce, "A'a Mama, ruwan ne ya faɗa mini." Ta tashi tana mita. Ɗakin da yaran suke kwana yana cikin kwari yanzu.

Ya kasance mai gaskiya, kuma ita ta ci shi. Aka ce ya sa hannu cewa magudanar da wani ɗan kwangila ya gina za ta ɗauki ruwan unguwar. Ya ce awo bai faɗi haka ba. Sai ga shi yana ƙirga tayoyi. Ya roƙi a ba shi wanda zai koya wa aikin, aka ce za a duba. Ya roƙi a bar shi ya kwafi fayilolin a wani faifai ya adana, aka ce dukiyar gwamnati ba ta fita daga ofis. Mu da muka yi karatu har ƙasar waje muna ɗauka ilimi garkuwa ne, a nan muka gane iyakarmu.

Bayan sadakar bakwai, Hajiya Kaltum ta ba ni kwamfutarsa ta gida. Ta ce, "Yaya Ja'afaru, manhajar tana ciki. Ka kai musu ofis, kada wahalarsa ta tafi a banza." Na kai. Abin da na tarar na faɗa mata jiya, sai ta ce, "Gobe ka maimaita a gaban mutane."

Ga shi. Bara wani sabon jami'i ya yi amfani da manhajar buga wasiƙa ya buɗe fayilolin. Ya ga alamomi a birkice, babu kalma ɗaya da ya gane, ya ce bairos, cutar kwamfuta, ne ya cinye su. Aka goge faifan kwamfutar ofis tas, aka kai ta teburin sakatare. Ba wanda ya taka zuwa sashen motoci ya tambaya, alhali Aji yana nan da ransa, ƙofa biyu tsakani. Wakili, ban ce kai ne ba. Ka dai kai saƙo.

Gaji, Halima Sadiya, kada ku ji kunyar inda mahaifinku ya ƙare aikinsa. Ba ku ne masu jin kunya ba. Hajiya, Allah ya ba ki juriya.

Mun gode wa duk wanda ya baro sana'arsa ya zo. Allah ya jiƙan Aji, ya haskaka kabarinsa, ya raya zuriyarsa, ya tsare waɗanda ke kwana a bakin kwari. Amin.

Manhajarsa tana aiki, na gwada ta da hannuna. Na'urorin kuwa an daɗe da barin su har suka lalace. Awon ruwan Gombe, daga damina ta farko har ta ƙarshe, babu shi a ko'ina.