Wane Ne Baƙo a Motar Tsibiri

Barmo mai shago yana jiran motar Tsibiri ta cika a Maraɗi, ya nuna wa dattijuwar da ke gefensa hoton ɗan takara.

"Shi zan zaɓa, Hajiya. Zai rage mana patanti, harajin shago, ya ƙaro 'yan sanda su kori baƙi marasa takarda."

"Wane ne baƙo, malam?"

Barmo ya yi tsaki. "Wanda aka haifa ƙetare mana. Sun cika gari. Ni tun da aka kawo ni daga Jibiya a goye, ban ga cunkoso irin na bana ba."

"Jibiyar Najeriya? To da wace takardar za ka zaɓe shi?"

Ya shafa aljihu, ya kife hoton.

"Direba, wai yaushe za mu tashi?"