Gwangwanin Man da Na Bari a Kan Benci

Assalamu alaikum. Malam Liman, mai girma Mai Unguwa, shugaban makanikai, Yaya Babba wan marigayi, Hajiya uwar yara, 'ya'yan marigayi, da abokaina mahaya: Allah ya ba mu haƙuri baki ɗaya.

An zaɓe ni in yi magana saboda ni ne shugaban ƙungiyar masu tsoffin baburan tsere. Da waɗanda suka zaɓe ni sun san abin da na zo da shi, da wani suka sa.

Sarkin Hayaƙi muke ce masa, har wasunmu sun manta sunansa na yanka. Ya kasance mutumin da ke jin ciwon babur tun yana bakin layi, kafin mai shi ya buɗe baki. Ya kasance in ya kwance fulogi ya duba launinsa, sai ya gaya maka yadda kake tuƙi, da ƙaryar da kake yi a kan gudunka. Ya kasance mai koya wa duk wanda ya zauna a bencin garejinsa. Shi ya fahimtar da mu cewa waɗannan injunan, hawa ɗaya da sauka ɗaya na fistan suke ba da wuta, shi ya sa suke da zafin tashi, kuma ba su da wurin ajiye baƙin mai a ƙasa. A cikin fetur suke shan mansu. Wannan shuɗin hayaƙin da maƙwabta ke zagin mu a kansa, shi ne shaidar injin yana da rai. Da zamani ya juya, kamfanoni suka daina ƙera su, shi kaɗai ya ƙi sakin su.

Hajiya, ki saurare ni. Shekara goma sha ɗaya ke nan da ya ɗaure mini injin jan babur ɗina. Wata biyu yana kansa. Ya cire tsohon famfon mai, ya ba ni ɗan gwangwanin awon baƙin mai, ya ce duk cikon tanki in zuba ɗaya. Ranar da zan fita nuna wa abokai, ina rawar kai, na bar gwangwanin a kan bencinsa. Na sha fetur zalla, na ce sau ɗaya dai ba zai yi komai ba. Ban yi nisa ba injin ya ƙame.

Na turo shi gareji ina zufa, mutane cike, na ɗaga murya na ce aikinsa ne bai yi ba. Ya kwance injin a gaban kowa. Ya shafa fistan da yatsa, a bushe ƙarau. Ya dubi gwangwanin a kan bencin, ya dube ni. A wannan satin ne aka naɗa ni shugaba, ni da ke yi wa sababbi wa'azin haɗa mai.

Sai ya ce, "Ƙila ni na matse shi da yawa."

Na yi shiru. Shirun nan shi ne laifina. Maganar ta zaga cewa hannun Sarki ya fara rawa. Muka riƙa zolayarsa, har da ni a cikin masu dariya. Masu manyan babura suka kwashe aikinsu, ya koma facin taya da gyaran birki. Kin ga canjin a gidanki, ba ki san daga ina ya fito ba. Daga wurina ya fito.

Kullum ina cewa gobe zan faɗa. Har asibiti na je, na zauna a gefensa, muka yi hirar kafireto, na tashi ban faɗa ba. Kunya nake ji, kuma ta kamace ni.

Yara, ku ɗaga kanku. Mahaifinku bai taɓa ɓata injin nan ba. Duk wanda ya ji waccan maganar a bakina, yau ya ji wannan, ya kai ta inda ya kai ta farko. Yaya Babba, Hajiya, ban isa in ce ku yafe mini yau ba, amma ina roƙo.

Na gode da kuka bar ni na ƙarasa. Ya Allah, bawanka ya rufa mini asiri a gaban mutane alhali yana da gaskiya. Ka rufa masa nasa ranar da babu mai rufawa sai Kai. Ka haskaka kabarinsa, Ka tsaya wa iyalinsa. Amin.