Ginin da Ya Tsaya a Linta

A bencin shagon karɓar kuɗin waje, wani dattijo ya zauna kusa da wata mata, ya gyara hula.

"Ke ma 'yan waje kike jira?"

"'Yata ce, Baba. Aikin jinya take yi a can."

"Tabɗi! To ki shirya. Ƙanena shekara ashirin ke nan da tafiya. Da, duk wata ambulan a hannuna yake sauka, ni ke rabawa. Yanzu fa? Kuɗin karatu ya tura makaranta, na magani wajen mai kemis, na cefane a wayar matarsa. Ni babban yaya an mai da ni hoton bango."

"Ai sauƙi ne ya zo."

"Sauƙin me? Rowa ce ta sa rigar zamani. Da sun ga daula, sai zumunci ya bi ruwa."

"Da can me yake aikowa a yi?"

"Gida mana. Ni na tsaya masa a kan ginin."

"Masha Allah. An tare?"

"Yana linta."

"Shekara ashirin yana linta, Baba?"

"Ke kin san kuɗin siminti? Kuma ni ma ai ina da iyali."

Matar ta rufe baki da mayafi, kafaɗunta na rawa.

"Yi dariyarki. Matarsa ce ta ɗauki hoton ginin ta tura masa, algunguma."

"To yau me ka zo karɓa?"

"Karɓa? Tambaya na zo yi, ko za su gaya mini nawa yake tura mata."