Mutum Arba'in da Ɗaya da Suka Ce Biyu

Mai girma shugaban taro kuma shugaban kwamitin gudanar da wannan asibiti namu na Simalkhola, Bhesh Raj Lamichhane-ji, babban baƙonmu daga ofishin lafiya na lardi, malamanmu likitoci da suka sha wahalar hanyar Kathmandu don su zo su zauna da mu, shugabannin unguwanni, 'yan'uwana ma'aikatan jinya, matan ƙauyuka masu aikin sa kai na lafiya, iyayenmu maza da mata da suka gangaro daga kan duwatsu tun da sassafe, ina haɗa tafukan hannuna ina gaishe ku duka, babba da ƙarami.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Kalpana Thapa Magar, ni ce shugabar ma'aikatan jinya na ɗakin da ake kwantar da waɗanda aka yi wa tiyata, kuma shekarata ashirin da uku a wannan ɗaki. Ina godiya ga kwamiti da ya ba ni wannan dama. Ina godiya ta musamman ga Dakta Nirajan Pokhrel, likitanmu mai sa barci da kashe ciwo, wanda ya bar birni ya zo ya zauna da mu shekara huɗu, alhali waɗanda suka riga shi ba su cika wata shida ba. Na ga wannan bawan Allah tsaye a kan majinyaci awa biyar bai ko kurɓi shayi ba. Duk abin da zan faɗa nan gaba, ku riƙe wannan a ranku.

A takardar tsarin taro an rubuta cewa zan yi jawabin godiya na minti biyar, daga nan shugaban taro ya sa hannu a sabuwar doka. Dokar ta ce daga wata mai kamawa, duk wanda aka cire wa tsakuwar matsarmama za a yi masa sabuwar allurar nan ta jikin bangon ciki kaɗai, a kwashe mofin, tsohon maganinmu na kashe ciwo, daga kabad ɗin ɗakina, kuma asibitoci bakwai na lardinmu su bi sahu. Dalili kuwa binciken Dakta Nirajan da kuka ji yanzu ne: mutum sittin da aka ba tsohon magani, mutum sittin da aka yi wa sabuwar allura, kuma na biyun sun fi na farkon samun sauƙi nesa ba kusa ba. Kun tafa, ni ma na tafa, sunana na cikin takardar, domin da hannuna na rubuta lambobin. To, ranku ya daɗe, ni ban yarda da lambobin nan ba, kuma ina roƙon a ajiye alƙalami har in gama.

Abu na farko da ya hana ni sakewa shi ne kyan sakamakon. Kun san katin da muke nuna wa majinyaci, mai fuskoki daga mai murmushi zuwa mai kuka, daga sifili zuwa goma, mu ce ya nuna mana inda ciwonsa yake. A rukunin farko amsoshin sun warwatsu yadda ciwo ya saba warwatsuwa: wannan huɗu, wancan bakwai, wata ta ce goma ta ƙara da zagi. A rukuni na biyu kuwa, mutum arba'in da ɗaya cikin sittin sun ce biyu. Tsohuwa mai shekara saba'in ta ce biyu, ƙato mai ɗaukar buhun siminti ya ce biyu, wanda aka ɗinke da zare takwas da wanda aka ɗinke da goma sha biyar duk biyu. Shekara ashirin da uku ina kallon ciwo, ban taɓa ganin ya yi layi haka kamar sojoji ba.

Abu na biyu shi ne jikinsu bai ce biyu ba. Na koma kan takardun da 'yan ɗakina ke cikewa, waɗanda binciken bai nema ba, wato bugun zuciya da numfashi. Mutumin da ya ce biyu, zuciyarsa na bugawa ɗari da goma sha takwas a minti ɗaya. Matar da ta ce biyu, an rubuta a gefen takardarta cewa ta ƙi yin tari, ta ƙi juyawa, gumi ya jiƙa matashin kanta a ranar da ake ruwa kamar da bakin ƙwarya. Na kai wa Dakta Nirajan waɗannan takardu. Ya duba, ya kira ni Didi, wato yaya, ya ce, "Didi, damina ce, zafi ne, kowa na gumi." Na ce, "Dakta sahab, zafin gari ba ya hana mutum tari." Ya mayar mini da takardun, ni ma ban matsa ba, domin an riga an buga wannan ƙyallen da ke rataye a bayana, mai cewa an samu nasara, tun kafin a gama lissafin makon ƙarshe. Ban san wanda ya yi wannan gaggawa ba, amma na lura da ita.

Abu na uku shi ne wanda ya fi kowanne, kuma ba a cikin takarda na same shi ba, a kalanda na same shi. Rukunin farko yaushe aka yi su? A watan Push da Magh, tsakiyar hunturu. Rukuni na biyu fa? Na'urar hoton ciki da ake bukata don yin sabuwar allurar ta makara a hanya, zaftarewar ƙasa ta tsare motar, sai aka yi su a ƙarshen Jeth da cikin Asar, farkon damina. Malamanmu na Kathmandu, wataƙila a wurinku wata wata ne. Amma ku dubi fuskokin iyayenmu da ke zaune a baya, kun ga sun fara murmushi. A watan Magh shinkafa na rumbu, sanyi na ratsa ƙashi, asibiti na da bargo da shinkafa da miyar wake ta dal sau biyu a rana, wa yake gaggawar komawa gida? A Asar kuwa ruwa ya sauka, irin shinkafa ya isa dashe, gayya na zagayawa gona gona, kuma gidan da bai fito gayyar maƙwabta ba, ranar tasa gonar shi kaɗai zai tsaya a cikin laka. Dokar ɗakinmu kuma kowa ya san ta: ba a sallamar majinyaci sai ciwonsa ya sauko ƙasa da uku.

Ku ba ni dama in ba ku labarin mutum ɗaya. Baba Harka Bahadur Rai, daga ƙauyen da ke saman gadar igiya, an yi masa aiki ranar tara ga Asar. Washegari da hantsi ina gyara ledar ruwan gadon kusa da shi, labule ya kare ni, sai na ji matarsa, Inna Sunmaya, tana yi masa raɗa irin raɗar mutanen dutse, wadda ake ji daga tsallaken kogi.

Ta ce, "Tsoho, ga su nan tafe da katin nan. Me za ka ce?"

Ya ce, "Me zan ce kuwa? Cikina kamar an zuba garwashi."

Ta ce, "Garwashin ka riƙe abinka. Jibi gayyar gidan Lal Bahadur, bayan kwana uku tamu. Ka ce biyu."

Ya ce, "To in ce sifili mana, su sake ni yau."

Ta ce, "Ji shashanci! An farke maka ciki ka ce sifili, wa zai yarda? Uku su riƙe ka, sifili su ce ƙarya kake. Biyu. Kuma ka saki fuskar nan taka, kamar ɓauna ta taka ka."

Dakta ya zo, ya nuna kati, Baba Harka ya washe baki ya ɗaga yatsu biyu. Ni ina tsaye, na ji komai, kuma na rubuta biyu. Na ce a raina tsoho ɗaya ne, lamba ɗaya ce, ba za ta ɓata bincike ba. An sallame shi da ƙwayoyin ciwon kai a aljihu. Bayan kwana biyar aka dawo mana da shi a cikin kwando a bayan ɗansa, tafiyar awa shida, jikinsa zafi rau, huhunsa na dama ya cika. Saboda ciwo bai iya jan numfashi mai zurfi ba, bai iya tari ba, majina ta kwanta masa a ƙirji. Kwana goma sha ɗaya ya yi a hannunmu, biyu daga ciki ban yi zaton zai tashi ba. Wannan dawowa tasa ba ta cikin binciken, domin binciken ya rufe littafinsa awa arba'in da takwas bayan tiyata. A cikin takardar da kuka tafa wa, Baba Harka nasara ne.

Daga nan zargi ya shige ni, na ce sai na gano wanda ya koya wa mutane wannan biyu. Na zargi masu shara. Na zargi mai gadin ƙofa. Na zargi har wakilin kamfanin da ya ba mu aron na'urar, domin ya cika fara'a da yawa, kuma ni mutum mai yawan fara'a a asibiti ba ya kwanta mini. Na tambayi Inna Sunmaya, ta ce 'yar mai gado na huɗu ce ta faɗa mata. Na nemi wannan, ta ce a rumfar shayin bakin ƙofa ta ji. Na je wurin mai shayi na tsare ta, na ce, "Ƙanwata, wa ya kawo maganar nan rumfarki?" Ta kalle ni ta kwashe da dariya, ta ce, "Haba Didi, wasa kike? Ai kowa ya sani. Kawunki Tek Bahadur ne. Shekara uku ke nan yana faɗa wa duk wanda ya zauna a bencin nan cewa 'yar ƙanwarsa, babbar nas, ita da bakinta ta ce masa in yana son gida ya ce biyu."

Ranku ya daɗe, gaskiya ta faɗa. Shekara uku da suka wuce, a Asar, kawuna na kwance a gado na shida yana yi mini magiya, gonarsa na jira, ni kuwa na gaji da magiyar, na sunkuya na raɗa masa. Ya tafi gida lafiya ƙalau, ya yi alfahari da ni a kwari uku. Wanda na yi wata biyu ina farauta, ashe kowace safiya a gaban madubi ni nake ɗaura masa farar hular nas. Kunyar wannan ba ta sake ni ba har yanzu da nake tsaye gabanku.

Saboda haka, kada kowa ya bar wannan zaure yana cewa Dakta Nirajan ya yi ƙarya. Bai yi ba. Ya tambaya da gaskiya, aka ba shi amsa da ladabi, ni kuma na rubuta. Ban ce sabuwar allurar ba ta aiki ba, mai yiwuwa tana yi, ina ma fatan tana yi. Cewa na yi ba mu sani ba, kuma ba a kwashe magani daga kabad ɗin asibiti takwas a kan abin da ba a sani ba. Roƙona shi ne a bar mofin inda yake. A sake binciken shekara guda cur, rani da damina, a riƙa zaɓen maganin kowane majinyaci ta hanyar ƙuri'a a rufaffiyar ambulan, a bi shi har gida mako biyu. A raba sallama da wannan kati, ta yadda lambar da mutum ya faɗa ba za ta zama ita ce mabuɗin ƙofar fita ba. Idan kuma kwamiti ya ga cewa wadda ta rubuta biyu tana sane ba ta cancanci riƙe ɗakin nan ba, makullin kabad na aljihuna, zan miƙa shi yau. Amma zan miƙa shi ne kabad na cike.

Baba Harka na nan tare da mu, ga shi can a layi na uku da hularsa, Inna Sunmaya na jan rigarsa don kada ya tashi. Da safen nan a bakin ƙofa na ce masa, "Baba, yanzu shinkafa ta shiga rumbu, ba inda za ka. Ranar nan, tsakaninka da Allah, nawa ne?" Ya ɗaga hannuwansa biyu, yatsu goma a buɗe, sannan ya lanƙwashe ɗaya. Na ce, "Tara?" Ya ce, "Goma ne, 'yata. Ɗayan na rage wa Dakta sahab, yaron ya yi ƙoƙari."

Shugaban taro, alƙalami na hannunka.

Ubangiji ya ba majinyatanmu lafiya, ya ba su ƙarfin halin faɗa mana goma idan goma ne, ya ba mu kunnen ji ko da amsar za ta ɓata mana takarda. Ya saka wa likitanmu da alheri, ya ba shi haƙurin sake farawa. Ya tsare hanyar baƙinmu daga zaftarewar ƙasa, ya mai da iyayenmu kan duwatsunsu lafiya, ya sa albarka a abin da suka girbe.

Na gode.