Alewar Shekara Huɗu

A bencin jira na wani asibitin mata a Pune, Sulabha ta miƙa wa tsohuwar da ke gefenta alewar madara.

"Haihuwa aka yi, 'yata?" in ji tsohuwar.

"A'a, Inna. Cikin wata biyu ne ya nemi raina, aka cire. Na yarda likitoci su ɗebi ƙwayoyin jikinsa don binciken magani."

"Kika ba su? Haba! Ko kabari babu?"

"Sun ce ƙwayoyin suna ta hayayyafa, suna iya zama jini, ko ƙashi, ko zuciya. Suna can hawa na uku. Yau shekararsu huɗu."

"To, kina hawa ki gan su?"

"Ina tsayawa nan dai, Inna. Ina tsoron in na tambaya a ce mini an zubar."