Maigadin Bai Fito Ba

Ai ban gama ba ku labarin ranar awo ba! Jaririna ya ƙara nauyi, har likita ta yaba, uwarsa sai washe baki take. To, a bencin jira wata budurwa ta rufe littafi tana tsaki, wata tsohuwa kuma ta ƙura wa bangon littafin ido.

"'Yata, ba shi ne na 'yan fashin da suka tsare mutane a banki ba?"

"Shi ne, Mama. Marubucin nan ba shi da imani. Kowa ya tsira, sai maigadi kaɗai aka harbe a bakin ƙofa."

"A'a, ya fito. Ɗana ne yake karanta min in ya taso aiki, ni ban iya boko ba. Ya ce shafukan ƙarshe sun yage, amma maigadin ya koma gida wurin uwarsa."

"Wallahi bai fito ba. Ga shafin nan."

Tsohuwar ta shafa takardar da yatsa.

"Ashe ɗan nemar nan ya san ƙarshen. Shi ma gadin banki yake yi, kullum sai na hana shi fita."

Budurwar ta sunkuyar da kai. "Yana can yanzu?"

"Zazzaɓi ya ɗauke shi bara. Ni ina can ina tsoron bindiga."

Sai na ƙanƙame nawa ɗan. Don Allah ku gaya wa masu karatu, in tsohuwa ta ce maigadi ya fito, a bar mata shi ya fito.