Geron da Bai Tafi Masar Ba

Taikin geron Mariama bai bar ƙasar Dakoro ba. A bakin rijiyar Mai Yara ta tare wani madugu yana shayar da raƙuma, shekara bakwai bayan ɗanta Harisu ya tafi karatu Azhar, a Masar. Ta roƙi madugun ya kai masa geron.

"Inna, tafiyar wata biyar ce. Raƙumana ba na dakon fura ba ne."

"Yaron ya aiko cewa wake yake ci safe da yamma, a daɓen masallaci yake kwana. Wake, Madugu! Wa ke riƙe karatu da wake?"

"Harisu, dogon nan mai tabo a goshi? Bara na gan shi. Ya fi ni ƙiba."

"Kumburin yunwa ne."

"Wace yunwa kuma? Tantabaru matarsa take dafa masa! Ɗansu ma ya fara tafiya."

Mariama ta saki bakin taikin. Damina bakwai tana noma masa gonarsa, tana hana 'yan'uwansa rabawa.

"Shi ɗan nasu, yana jin Hausa?"

Madugu ya duƙa yana gyara igiyar da ba ta kwance ba. Da la'asar ayarin ya tashi. Gonar tana nan, ba a raba ta ba.